Babi na Bakwai: Mai Walda da Takardar da Duniya Ta Yarda da Ita

Da yammacin ranar 27 ga Maris, 1980, mutum 212 ne a cikin Alexander Kielland, wani katafaren dandalin ƙarfe mai ƙafafu biyar da ke Tekun Arewa, a filin mai na Ekofisk na ƙasar Norway. Masaukin ma'aikatan haƙar mai ne, a nan suke ci, a nan suke kwana. Ana iska, teku ya harzuƙa. Sai aka ji wata ƙara, ƙafa guda ta ɓalle, dandalin ya karkace, kafin a yi rabin sa'a ya kife. Mutum 123 suka rasu.

Da masu bincike suka bi sawun karayar, sai ta kai su ga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6. An yi ta ne kawai don a maƙala mazaunin wata na'urar sauraro a jikin ɗaya daga cikin bututan da suka tokare ƙafar. Ba nauyin komai take ɗauke da shi ba, don haka ba wanda ya damu da ita. A cikin tsagar an tarar da fenti, wato tun a wurin ƙira a Faransa aikin ya tsage, fenti ya bi ta kai ya rufe, aka miƙa dandalin a 1976. Daga nan igiyar ruwa ta yi ta lanƙwasa ƙarfen dare da rana, tsagar tana tafiya kaɗan-kaɗan, har ranar da abin da ya rage ya kasa riƙewa.

Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa duniya ta tsananta a kan takardar mai walda, daga nan ya kamata ya fara. Tela in ya yi maka ɗinkin banza, juya rigar kawai za ka yi ka kama shi. Aikin mai walda ba ya juyuwa. Samansa yana iya yin sumul gwanin sha'awa, alhali a ciki akwai kogo, ko kashin ƙarfe da ya maƙale, ko wurin da narkakken ƙarfe ya kwanta a kan ɗan'uwansa ba tare da sun haɗe ba. Mai kaya ba zai gani ba, injiniya ba zai gani da ido ba, wani lokacin shi kansa mai waldar bai sani ba. To, tunda ba za a fasa kowane haɗi a leƙa cikinsa ba, sai aka koma kan mutumin. A gwada hannunsa tun kafin ya taɓa aikin, a rubuta abin da aka gani, wani da aka amince da shi ya sa hannu. Abin da takardar ke cewa ke nan: ran kaza, wane ya haɗa ƙarfe kaza a yanayi kaza, aka yanka, aka lanƙwasa, bai buɗe ba.

Kusan kowace ƙa'ida a wannan fanni akwai gawa a bayanta. A 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na jihar Massachusetts a Amurka, ta kashe mutum 58. Wannan da ire-irensa ne suka sa ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ASME, ta tsara kundinta na ƙa'idojin tukwanen tururi na 1914, wanda daga baya aka keɓe sashe na tara a cikinsa don gwajin walda da masu walda. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma Amurka ta ƙera jiragen ruwa dubbai da walda, cikin gaggawa, da hannun mutanen da yawancinsu sababbin koyo ne. A watan Janairun 1943 wata sabuwar tankar mai da ake kira Schenectady ta rabe gida biyu tana ɗaure a bakin gaɓa a Portland. Binciken masana irin su Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ya nuna cewa ƙarfen yakan yi gautsi in sanyi ya tsananta, kuma tsaga takan samo tushe daga wata kusurwa ko wani ɗan aibi a jikin walda. Ana gama yaƙin, Ingila ta kafa cibiyar binciken walda a 1946, wadda a yau ake kira TWI, sannan a 1948 ƙasashe 13 suka haɗu suka kafa Cibiyar Walda ta Duniya, IIW. Ƙungiyar Walda ta Amurka, AWS, ta riga su, tun 1919 take.

Ranar gwaji

Bari mu ɗauki gwajin da ya fi kowanne suna a bakin masu aikin bututu, wato 6G. Ana kawo guntayen bututu biyu, a fiƙe bakinsu, a gwama su da ɗan rata a tsakani, a kafe su a karkace, digiri 45. Da zarar mai gwaji ya sa alamarsa, ba a juya bututun, ba a sauke shi. Mai waldar ne zai zagaya. A cikin wannan zagaye guda zai yi walda a saman kansa, ya yi ta a tsaye, ya yi ta a kwance, kuma kusurwar hannunsa tana sauyawa a kowane taku. Narkakken ƙarfe ruwa ne, gangarowa yake so, aikin mai walda shi ne ya hana shi. Shi ya sa a ƙa'idar ASME wanda ya ci 6G ya cancanci yin walda a kowane irin yanayi, alhali wanda ya ci 1G, inda aikin ke shimfiɗe a gabansa, bai wuce nan ba. Tsakaninsu akwai 2G da 3G da 4G da 5G, kowanne da irin tsayuwarsa. A tsarin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ISO sunayen sun bambanta, a can PA da PF da H-L045 za ka gani, amma gwajin kusan ɗaya ne.

Zagayen farko, wato tushe, shi ne wuyan aikin. Dole ƙarfen ya narke ya ratsa har cikin bututun, ya fito da ɗan tudu daidai, kada ya gaza, kada ya zuba. Bayansa sai ciko, zagaye bayan zagaye, kowanne a kankare shi tas kafin a ɗora wani, sannan murfi. Mai gwaji yana iya tsayar da mutum tun a tushe in ya haska fitila ya ga bai ratsa ba.

Kafin a kunna wuta kuwa, akwai wata takarda da za a miƙo, wadda a wurin aiki ake kira WPS. Ita ce ke faɗin irin ƙarfen, irin sandar waldar, iyakar wutar da za a saka, ko sai an ɗumama ƙarfen tukuna, ko daga ƙasa za a hau ko daga sama za a sauko. Kamfani bai rubuta ta da ka ba, sai da ya yi gwaji a kanta aka tabbatar tana ba da haɗi mai ƙarfi. A nan ne na ga gwanayenmu suka fi tuntuɓe. Mutumin da ya shekara ashirin yana daidaita wuta da kunne, yana jin ƙarar sanda ya san ta yi yawa ko ta yi kaɗan, yanzu an ce masa ya bi lambar da ke rubuce. Kunnen nan nasa dukiya ce, kada wani ya raina ta. Amma mai gwaji ba kunne yake aunawa ba, yana auna ko mutum zai iya yin abin da aka rubuta, yau da gobe da jibi, ba tare da ya ƙara nasa ba.

Haka batun sanda. A shagunan bakin titi daga Kano zuwa Maraɗi, 6013 aka sani, geji 12 ko geji 10, ita ake yin ƙofa da taga da gado da tankin ruwa da ita. Sanda ce mai sauƙin kai, tana kamawa da wuri, ko da injin naɗin gida. A aikin bututun mai da manyan gine-gine kuwa, 6010 da 7018 ne ke gaba. Lambobin suna da ma'ana: 70 ɗin farko na nufin ƙarfen zai jure jan fam 70,000 a kan kowane inci murabba'i, 1 na nufin ana iya amfani da ita a kowace tsayuwa, 8 kuma tana nuna irin hodar da aka lulluɓe ta da ita. Ita 7018 ba ta son laima ko kaɗan. A cikin ɗan tanda ake ajiye ta, a zafin da ya kai wajen digiri 120, domin in ta sha danshi takan shigar da iskar haidurojin cikin waldar, wadda ke iya tsaga ta bayan sa'o'i ko kwanaki, lokacin da kowa ya tafi gida. Mai waldar da bai taɓa riƙe wannan sanda ba sai ranar gwaji, da wuya ya tsallake. Haka wanda bai taɓa yin waldar iskar argon ba, wadda ake kira TIG, inda hannu ɗaya ke riƙe da kan wutar, ɗaya na zura waya.

In an gama, sai a fara da duban ido: tsayin tudun, ko gefen ya zaizaye, ko akwai huji ko tsaga. In ya wuce nan, sai a ɗauki hotonsa da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko kuma a yanko ɓalli huɗu daga wurare daban-daban na zagayen, a sa su a injin matsi a lanƙwasa kowanne har ya koma kamar harafin U. A ƙa'idar ASME, in wani wuri ya buɗe fiye da milimita 3, an faɗi. Ba roƙo, ba sanayya. Wannan ɓangare na sana'ar yana burge ni ƙwarai, domin wuri ne da ɗan talaka da ɗan mai kuɗi suke tsayawa daidai. Ɓallin ƙarfe bai san sunan mahaifin kowa ba.

Sai dai akwai abu biyu game da takardar da ke biyo baya waɗanda mutane da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsu yana jawo asarar kuɗi. Na farko, tana da iyaka. Ba ta cewa wane ƙwararren mai walda ne a komai. Tana faɗin hanyar waldar da aka gwada shi a kai, da rukunin ƙarfen, da kaurinsa, da faɗin bututun, da tsayuwar. A ƙa'idar ASME, wanda aka gwada a kan ƙarfe marar kauri sosai, izininsa yakan tsaya a ninki biyu na kaurin da ya zuba. Wanda ya ci gwaji da sanda ba shi da izinin TIG. Wanda ya ci a baƙin ƙarfe ba shi da izinin alminiyam. Na biyu, tana mutuwa. A ƙa'idar ASME, in mutum ya yi wata shida bai yi aiki da hanyar da aka gwada shi a kai ba, izinin ya faɗi. A ƙa'idar ISO 9606 ma duk wata shida sai wanda ke kula da aikin ya sa hannu cewa mutumin yana kan yi, sannan bayan shekara biyu ko uku, gwargwadon hanyar da aka zaɓa, a sabunta. Dalilin a fili yake, hannu yana mantuwa.

Wace takarda, don wane aiki

In saurayi ya ce yana neman "satifiket na ƙasa da ƙasa", tambayar da ta kamata a yi masa ita ce: a ina kake son yin aiki, kuma wane aiki? Domin gidajen ba ɗaya ba ne.

A harkar mai da gas, a Najeriya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da wurare da dama, ƙa'idojin Amurka ne suka fi yawo: sashe na tara na ASME don tukwane da bututan cikin matata, API 1104 don bututan da ke ratsa ƙasa, AWS D1.1 don gine-ginen ƙarfe. Wani abu game da ASME shi ne, kamfanin da ya ɗauki mai walda shi ke da alhakin gwada shi. Saboda haka ko da mutum ya zo da takarda daga wani kamfani, sabon wurin zai sake kafa masa bututu. Kada wannan ya sa a ce tsohuwar takardar ba ta da amfani. Ita ce ke sa a kira ka gwajin tun farko, a cikin ɗaruruwan masu nema. A Turai kuwa, da ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa irin su Nijar, ISO 9606 ce aka fi sani, kuma wani mai gwaji ko wata hukumar gwaji ce ke bayar da ita da sunan mai waldar.

Tsarin IIW ya ɗan bambanta, domin shi karatu ne da horo, ba gwajin rana ɗaya kaɗai ba. Yana da difloma ta mai walda na ƙasa da ƙasa, mai hawa uku: haɗin kusurwa, sai faranti, sai bututu, kowane hawa da darasin aji da na hannu. Sama da wannan akwai matakai huɗu na masu tsara aikin walda da kula da shi, IWP da IWS da IWT da IWE. Na ƙarshen, wato injiniyan walda, sai mai digirin injiniya, kuma karatunsa ya haura sa'o'i 400. Manhajar ɗaya ce ko a Jamus aka yi ko a Afirka ta Kudu, kuma diflomar ba ta mutuwa kamar takardar gwajin hannu. Kamfanin da ke son a shaide shi a ƙa'idar ingancin walda ta ISO 3834 dole ya nuna yana da mai kula da walda wanda ya san aikin, shi ya sa masu waɗannan diflomomi ba sa rasa masu nemansu.

Akwai kuma hanyar sufeto, wadda nake ganin ya kamata manyan masu waldarmu su dube ta da kyau. Walda aiki ne da ke cin jiki. Mutum ya kai shekara arba'in da biyar, gwiwa ta fara ciwo, baya ya fara ƙagewa, durƙuso a cikin rami ƙarƙashin bututu ya zama azaba. Amma idon da ya shekara ashirin yana kallon narkakken ƙarfe ya san aibi tun daga nesa. Takardu biyu ne suka fi shahara a nan: CWI ta AWS, wadda aka fara a 1976, da CSWIP 3.1 ta TWI. Jarrabawar CWI kashi uku ce, ilimin tushe, aikin awo da duba samfuri, da iya nemo hukunci a cikin kundin ƙa'ida, kuma kowane kashi sai an sami 72 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin shiga. Mai shaidar sakandare yana buƙatar shekara 5 na aiki, wanda karatunsa bai kai nan ba yana buƙatar 9 ko 12. Wato ba a rufe ƙofa ga wanda bai yi zurfi a boko ba, an dai ce ya biya da shekarun aiki. Sai dai jarrabawar a rubuce take, da lissafi a ciki, kuma ba da Hausa ba. Nan ne katangar take.

Ana kuma gwada ido kafin a ba mutum takardar sufeto. Bari in tsaya a nan kaɗan, domin abin yana damuna. Ka bi ta layin masu walda a kowane gari, za ka ga yara suna aiki da tabaran rana na kasuwa, wasu ma runtse ido kawai suke yi su kau da kai. Da dare ido ya yi ja, ya yi kamar an zuba yashi, a ɗiga ruwan sanyi, gobe a koma. Gilashin da ya dace da waldar sanda mai duhun lamba 10 zuwa 13 ne, a cikin garkuwar da ke rufe fuska duka. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne, tun 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Maigidan shago da ya saya wa yaransa garkuwa da safar hannu bai yi asara ba. Yaron da ya lalata idonsa yana ɗan shekara goma sha bakwai ya rufe wa kansa ƙofofin da bai ma san da su ba.

A gida

Aikin yana nan, ba sai an ƙetare teku ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40. In aka ɗauki kowane guntu a mita 12, kamar yadda aka saba, haɗi sama da 50,000 ke nan, kowanne zagayensa ya haura mita 3. Matatar Ɗangote a Lekki, mai tace ganga 650,000 a rana, dajin bututu ce. A Nijar akwai matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, da bututun da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000. Wani ɓangare na irin wannan aiki injina masu sarrafa kansu ne ke yi, amma su ma mutum ne ke tuƙa su, kuma shi ma sai an gwada shi. Tun 2010 Najeriya take da dokar da ta wajabta fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai da gas, da hukumar da ke kula da ita a Yenagoa. Doka dai tana iya cewa a fara duba ɗan gida, amma ba za ta iya sa ɗan kwangila ya miƙa bututun gas ga wanda bai ci gwaji ba, kuma bai kamata ta yi ba. Duk lokacin da aka rasa masu takarda a gida, daga waje ake kawo su, bututun ya ratsa gonakinmu muna kallo.

Abin takaicin shi ne ba hannu muka rasa ba. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake ƙera injin niƙa da injin casa da kayan gyaran mota daga tarkacen ƙarfe, ba zai ce mutanen nan ba su iya ba. Jikokin maƙera ne, sun san halin ƙarfe. Abin da ya raba su da 6G abubuwa ne da ake iya lissafawa. Wutar lantarki tsayayya, domin ba a koyon tushe da wutar da ke rawa. Injin da ke ba da wutar da 6010 ke so. Bututun gwaji, wanda kowane guda kuɗi ne, kuma mai koyo zai ɓata da yawa kafin hannunsa ya zauna. Karatun zane da alamomin walda. Sai wurin gwaji, wanda yawanci yana Legas ko Fatakwal ko Warri, kusa da kamfanonin mai, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga kuɗin jarrabawar waje da ake biya da dala ko fam.

An yi wasu yunƙuri. Cibiyar Walda ta Najeriya, NIW, ita ce aka sani da shigo da tsarin IIW ƙasar, kuma asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, ya ɗauki nauyin horar da matasa a wannan tsari. Akwai Cibiyar Horon Man Fetur a Effurun. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, tana da tsarin da ke auna abin da mai sana'a ya riga ya iya a shago ya ba shi shaida a kai, ba tare da an ce ya koma aji ɗaya ba. Wannan shaida da ta gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago na cikin gida ne, ba su ne takardar da ɗan kwangilar bututu zai nema ba, amma tsani ne mai kyau, musamman wajen tabbatar da shekarun aiki. A ganina, da kowace kwalejin fasaha a Arewa za ta ware rumfuna goma da injina na gaske da malami ɗaya mai takardar IIW, ta buɗe su da yamma ga masu shaguna, sannan ta riƙa gayyato mai gwaji mai izini lokaci-lokaci, da an ga canji cikin 'yan shekaru. Kuɗin bai kai na gina sabon ofishin shugaba ba.

Inda ake neman abu ido rufe, ba a rasa masu damfara. Akwai wuraren da ke tallata "takardar duniya" cikin mako biyu, su karɓi kuɗin da mutum ya sayar da babur ya tara, su ba shi kwali mai tambari da zanen zinare wanda ba abin da yake nunawa sai cewa ya halarta. Gane su ba wuya. IIW tana da hukuma guda da ta ba izini a kowace ƙasar da ta shiga tsarinta, izinin kuma ana sake duba shi lokaci-lokaci, don haka a leƙa shafinta na intanet a ga wa ke da shi a yau, kuma ko makarantar tana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. AWS da TWI duka suna da wurin da ake shigar da lambar takarda a ga ko ta gaske ce. Kafin a biya ko sisi, a tambayi mai makarantar: "Malam, a wace ƙa'ida za a gwada ni? Wa zai tsaya a kan gwajin? Ina za a kai aikina a ɗauki hoto ko a lanƙwasa? Zan ga rahoton?" Wanda yake kan gaskiya zai amsa nan take, har ya nuna takardun ɗaliban baya. Wanda ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.

Ga wanda yake shago yanzu kuma yana da wannan buri, ba sai ya jira kuɗin jarrabawa sun taru ba. Ya nemi faranti mai kaurin milimita 10, ya fiƙe bakinsa, ya fara da tsaye, sannan saman kai, da 7018 busasshiya. Ya yanka aikinsa da kansa, ya sa a matsi ya lanƙwasa, ya dubi inda ya buɗe, ya tambayi kansa me ya jawo. Sai faranti ya zauna sannan ya koma bututu. Ya koyi karanta tef da milimita da inci duka biyu, ya koyi alamomin da ake zanawa a taswirar aiki. Ya kuma sayi littafi ya riƙa rubuta kowane aiki da ya yi, da rana, da irin ƙarfen, da sandar, maigidansa ko mai aikin ya sa hannu. Ranar da za a tambaye shi shaidar shekarun aiki, ko shaidar cewa bai yi wata shida hannunsa na zaune ba, wannan littafin za a buɗe.